Madubin Bari-in-gama

"Ta ƙasa za ka riƙe, Mai Tuta! Ta ƙasa na ce! In ka fasa madubin nan, wallahi kai za ka shiga ka gaya masa, ba ni ba."

Ungozoma ce ke ta sababi, hannunta ɗaya a kan katakon madubin, ɗayan yana laluben ƙusar da ta riƙe shi a bangon shagon aski tun kafin ta fara furfura. Mai Tuta, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, yana durƙushe yana nishi, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"To ki daina yi mini tsawa a ka mana. Haihuwa nake yi?"

"Da haihuwa kake yi da tuni ka sauka. Ɗaga!"

Da ƙyar madubin ya rabu da bango, ya bar gurbinsa fari tas a tsakiyar fentin da ya dafe. Ungozoma ta sa gefen mayafinta ta share yanar da ke bayansa. Ba ta so ta kalli sauran shagon ba, amma ido ba ya jin magana. Ga kujerar nan mai juyawa da yagaggiyar fata, ga fatar wasa aska a rataye, ga kwanon kumfa ya bushe har ya tsattsage. Tun ranar da mai shagon ya faɗi a bakin ƙofar nan babu wanda ya sake zama a kujerar. Ta ɗauki ƙaramin madubin hannu, wanda ake nuna wa mutum ƙeyarsa da shi, ta soke shi a ƙugu.

Mai shagon yana can kwance a ɗakinsa na bayan shago. Duk garin Bari-in-gama suke ce masa, yara ma sun ɗauka sunan yanka ne. Ciwo ya ci masa ƙashin baya, likitan da ke zuwa jefi-jefi ya ce kada a kuskura a ɗaga shi daga gadon. Ko juya shi za a yi sai ya ciji tawul. Da safe ne rediyo ta ce yau da an yi magariba za a yi husufin wata, ba duka ba, gefe ɗaya ne zai yi duhu, kuma mutanen nan arewa ne za su fi ganinsa. Yana jin haka ya sa aka kira masa Ungozoma, maƙwabciyarsa ta tsallaken lungu.

"Ki ciro mini babban madubi," ya ce. "Ki nemo wancan ragon ya taimaka miki. Ba zan je in tarar da Gajeriya ban ga abin nan ba. Kin san bakinta."

Ta san bakinta kuwa. Gajeriya matarsa ce, aminiyar Ungozoma, yau shekaru ke nan da rasuwarta. Su huɗun nan, har da Mai Tuta, kusan tare suka zo garin, suna da ƙuruciya, lokacin da aka ja titin jirgi har ƙarshen arewa aka ce ana neman ma'aikata. Gari ne da in ka wuce shi babu komai sai duwatsu da iska, jirgi ma in ya iso sai dai ya huta ya juya. Amma a zamanin akwai rai a wurin. Ranar da jirgi zai zo, layin tasha cike yake da masu kaya, shagon aski kuwa sai ka kama layi a kan benci.

A damina ta farko da zuwansu ne aka yi wani husufin. Sama ta yini a rufe, sai can bayan magariba hadari ya tsage, wata ya leƙo da gefensa a cinye. Kowa ya fito layi ana ta salati. A daidai lokacin Mai Tuta yana kan kujerar aski, rabin fuskarsa kumfa, don washegari manyan tasha za su zo duba aiki. Gajeriya ta ruga bakin shago.

"Maigida, fito ka gani! Fito, wata ya gutsure!"

"Bari in gama."

"Kai, ni dai zan fita," in ji Mai Tuta, ya yunƙura.

Mai aski ya danne masa goshi da yatsa biyu, aska na kan maƙogwaro. "Zauna. Ba a tashi daga kujerata da rabin gemu."

To mutum da aska a wuya, ina ya ga ta gardama? Ya zauna. Aka gama gefen hagu a tsanake, aka goge da tawul mai ɗumi, har ƙeya sai da aka nuna masa ya ce ta yi. Suna fitowa hadari ya haɗe, ko tauraro ɗaya babu. Gajeriya ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Daga daren nan sunan ya kama shi. In ta kira shi cin abinci ta ji shiru sai ta ce, "Yara, ku ci, Bari-in-gama yana hanya." Mai Tuta kuwa ya yi shekara da shekaru yana gaya wa duk baƙon da ya sauka a tasha cewa wannan mutumin ne ya hana shi ganin ikon Allah. Kuma duk da haka bai taɓa kai gemunsa wani wuri ba, bai ma taɓa koyon riƙe aska da kansa ba.

Ba wai ba a sake yin husufi ba. An yi. Wani ya zo sama a rufe ruf, wani ya same su duka a asibitin birni suna jinyar Gajeriya, babu mai tunanin ɗaga kai. Kamar dai wanda aka yi wa baki. Ko a gadon asibitin sai da Gajeriya ta tsokani mijin nata, murya ƙasa-ƙasa. "Ni dai na gani. Kai kuma sai ka gama."

Suna fitowa lungu da madubin, Mai Tuta a gaba da baya-baya, Ungozoma tana bin sa da faɗa, sai ga Auta a tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa. Ita ce ƙaramar 'yar mai aski, ta baro aikinta da 'ya'yanta a birni ta zo jinya. Ta rame, idanunta sun faɗa saboda rashin barci.

"Inna, me ke nan? Ina za ku da madubin Baba?"

"Shi ya aike mu."

"Na ji abin da ya ce. Taga zai sa a buɗe masa, a cikin wannan iskar. Inna, ke fa kin san jinya. Ƙirjinsa jiya ko numfashi da ƙyar. Ni ba zan buɗe ba gaskiya."

Mai Tuta ya dubi ƙasa, ya shiga gyaran riƙo. Ungozoma ta ce ya jingine madubin tukuna. Ta kama hannun Auta ta ja ta gefe, inda mai ciwo ba zai ji ba.

"'Yar nan, ni na karɓe ki a ɗakin can, a kan gadon can. Na ga shigowar mutane da yawa, na ga fitar wasu. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ko ki rufe tagar ko ki buɗe, kwanakin da suka rage ba su da yawa."

Auta ta janye hannunta. "Kowa sai ya ce mini haka. Ni dai abin da zan iya ke nan, in hana sanyi shiga. Shi ma sai an ƙwace mini?"

Maganar ta soki Ungozoma, don gaskiya yarinyar ta faɗa. Auta ta juya ta shige, ruwan kwanon yana tsiyaya a bayanta.

"Shi ke nan, mu mayar?" in ji Mai Tuta.

"Mayar da me? Ɗauki mu je."

Matsalar ita ce tagar ɗakin yamma take kallo, wata kuwa ta gabas zai ɓullo, ta bayan gidan. Ga shi kuma kan gadon yana wajen tagar ne, majinyacin ko tagar ba ya gani, sai bango da ƙofa. Amma ƙofar gidan Ungozoma tana fuskantar tagar, kuma tana da dakali mai tsayi. Nan suka gangaro da tsohon duron ruwa, suka ɗora gindin madubin a kai. Babu abin da za a jingine shi da shi, don sai an riƙa karkata shi ana bin wata. Dole mutum ya tsaya a baya ya rungume shi. Mai Tuta ya hau dakalin ya kama gefe da gefe. Madubin ya rufe shi tun daga ciki har saman hula, yatsunsa kawai ake gani.

"Ni yanzu me nake gani?" ya ce daga baya. "Katako."

"Shi ya dace da kai. Tsaya nan."

Ta shiga ɗakin. Warin magani da man zafi ya tare ta. Bari-in-gama yana kwance rigingine, bargo har haɓa, fuskar nan da ta saba gani a goge tas yanzu duk furfurar gemu ta rufe ta. Auta na zaune a gefen gado, ta juya wa tagar baya.

"Kun ciro?" ya tambaya.

"Mun ciro."

"Bai fasa ba?"

"Saura kaɗan, amma Allah ya rufa asiri."

Ya ɗan yi murmushi, ya juya ido wajen 'yarsa. "Auta."

Ta shiga gyara masa bargo, ba ta dube shi ba.

"Autata. Buɗe mini."

"Baba, sanyi."

"Na sani. Ƙaro mini bargon mamanki, mai ja. Sai ki buɗe."

Ungozoma ba ta sa baki ba, ta san in ta yi magana yanzu ta ɓata. Can Auta ta tashi, ta buɗe akwati ta ciro jan bargon, ta lulluɓa masa har kunne, ta cusa gefunan a ƙarƙashin katifa da ƙarfi kamar mai fushi da katifar. Sannan ta zare sakata ta tura tagar. Iska ta shigo ta kaɗa labule, da ƙamshin ruwan da bai sauko ba tukuna.

Ungozoma ta leƙa. Sama ta yi shuɗi mai duhu, amma daga wajen duwatsu hadari na tahowa, baƙi, a hankali, irin na wancan daren sak. Mutanen layi sun firfito, tana jin muryoyinsu ta wajen tasha. Sai wani ya ɗaga murya, "Ga shi can! Ya fara!"

"Mai Tuta, karkato shi baya kaɗan!"

Madubin ya motsa. Ta ga rufin gidan mai aski a ciki, ta ga wayar lantarki, ta ga sama. "Ƙara! Tsaya! Tsaya nan!" Ga wata ya zauna a kusurwar madubin, babba, ja-ja, inuwa ta fara cin gefensa na sama.

Ta zaro ƙaramin madubin daga ƙugu ta riƙe a saman fuskar majinyacin. "Kana gani?"

"Ina ganin silin."

Ta karkata.

"Yanzu kunnenki nake gani. Hagu."

Ta yi hagu.

"Ba nan ba, kin tafi da shi gaba ɗaya. Ku mutane duk haka kuke, in an ce hagu sai ku bi abin da ke cikin madubi. Hannunki za ki bi, ba idonki ba."

"To ni na taɓa aski ne?" Hannun da ya karɓi rabin mutanen garin nan bai taɓa rawa ba, yau ga shi ya kasa riƙe madubi. Haushi ya kama ta, da tsoro. Ta waiga taga, hadarin ya cinye duwatsun.

"Na ga haske ya gifta," ya ce. "Dawo. A'a. Ya tafi." Numfashinsa ya fara sarƙewa, ya rufe ido. "Bar shi, Ungozoma. Ƙila ba rabona ba ne."

"Kawo, Inna."

Auta ce. Ta karɓi madubin, ta goge shi a gaban rigarta. Ungozoma ta tuna, ai kuwa tun yarinyar nan ba ta fi tsayin kujerar aski ba ita ke hawa kan akwati ta riƙe wa masu aski madubin ƙeya, uban yana cewa ta fi duk wani almajirin sana'a da ya taɓa ɗauka. Auta ba ta ko kalli gilashin ba. Ta dubi tagar, ta dubi idon ubanta, ta sa madubin a tsakani, ta lanƙwasa wuyan hannu kaɗan.

"Baba, buɗe ido."

Ya buɗe. Wani ɗan haske ya sauka a kan goshinsa. Bakinsa ya ɗan buɗe. Ungozoma ta ga ƙwayar idonsa ta tsaya cak.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe haka yake. Kamar an fara aski an bari."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba, amma hannun bai motsa ba.

"Ashe gaskiyar mamanki ce," ya ce. "Ja-ja ne. Na ce mata ƙari take yi."

Wata ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka Ungozoma ta koma bakin taga ta zama 'yar aike. "Mai Tuta, baya kaɗan! Ya isa! Kar ka yi numfashi!" Daga tsallaken lungu madubin yana bin umarni, sai dai ta lura yatsun da ke gefensa sun fara karkarwa. Tsoho ne, ga katako mai nauyi, ga iska tana turawa. Inuwa ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na watan, ta tsaya a nan kamar tana shawara. Bakin hadarin kuma ya iso dab da shi.

Bari-in-gama ya ce, "Wa ke riƙe da babban?"

"Abokinka."

"A baya yake tsaye?"

"A baya."

Mai aski ya fi kowa sanin abin da mai riƙe madubi yake gani.

"Ce masa ya ajiye. Na gani, ya ishe ni. Ce masa ya ajiye ya ɗaga kai, kafin ya rufe."

Ungozoma ta leƙa ta ɗaga murya. "Mai Tuta! Ya ce ka ajiye ka kalla! Hadari ya zo, yi maza!"

Yatsun suka ƙara damƙe katakon.

"Kana ji na kuwa? Ya ce ya gani, ka ajiye!"

Muryar ta fito daga bayan madubin, a shaƙe, tana haki.

"Bari in gama."

Ta so ta zage shi, irin zagin da ta saba. Sai ta ji wani sauti a cikin ɗakin, ta waiga a tsorace. Bari-in-gama ne ke dariya. Ciwon bai bar shi ya yi ta da ƙarfi ba, kafaɗunsa ne kawai ke girgiza a ƙarƙashin jan bargon, hawaye na gangarawa cikin kunnensa, idonsa bai bar madubin ba. Haka ya yi ta kallo har bakin hadarin ya taɓa watan, ya rufe rabi, ya rufe duka. Hasken da ke goshinsa ya ɗauke.

Sai da Ungozoma ta tsallaka ta ɓamɓare yatsun Mai Tuta daga katakon, don sun sandare. Ya zauna a dakali yana mayar da numfashi, ya ɗaga kai sama. Baƙi ƙirin, har yayyafi ya fara.

"Ya gani?"

"Ya gani."

"Da kyau?"

"Ya ce kamar an fara aski an bari."

Mai Tuta ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu tun rufe shagon. "Ɗan banza," ya ce. "Sau biyu ke nan yana yi mini."

Bari-in-gama bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, Auta na ba shi shayi da cokali, Ungozoma na ninke wanki a ƙasan gado. Babu wani tashin hankali. Ya ce shayin ya yi zafi a bari ya huce, kafin ya huce ya tafi. Mutane suka zo daga ƙauyukan bayan duwatsu, tsofaffi galibi, kowa da labarin ƙeyarsa. Bayan an share makoki Auta ta rufe shagon da ɗakin, ta ba Ungozoma makulli. Jan bargon da ƙaramin madubin kawai ta ɗauka. A bakin mota ta rungume Ungozoma ta ce, "Inna, da ban buɗe ba..." Ungozoma ta ce, "Ai kin buɗe. Shiga mota."

Babban madubin kuwa yana nan inda suka sauke shi, jingine da bangon gidanta, ƙarƙashin inuwar rufi. Kullum sai ta ce gobe za a mayar, kullum babu mai ɗauka. Kaji sun saba da shi har sun daina faɗa da kansu a ciki.

Wata safiya ta fito da tsintsiya ta tarar da Mai Tuta a dakalinta. Tun jiya ya karɓi makullin shago bai ce mata don me ba. Ya jawo ɗan benci gaban madubin, ya yafa tawul a wuya, kwanon kumfa na gefen ƙafarsa. Ya aske gefen dama, a karkace, da yanka biyu a kumatu. Gefen hagu yana nan fari da kumfa, har ta fara bushewa. Askar tana hannunsa a kan gwiwa. Ba fuskarsa yake kallo ba, rufaffiyar tagar da ke bayansa yake kallo a cikin gilashin.

Ungozoma ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta fasa. Ta koma ciki ta ɗora ruwa a wuta, ta fito da shi da ɗumi a kofi, ta ajiye kusa da kwanon kumfar. Sannan ta fara shara daga can nesa, ta ɗayan gefen lungun.